Lada da Haƙƙi: Bashin da Ke Kanmu ga Wanda Ya Shaƙi Guba Domin Cetonmu

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana neman a zauna a kanta a ƙasarmu, amma kullum sai a rufe ta da addu'a a watse, ita ce mas'alar mutumin da ya shiga wuta ko hayaƙi ko wurin da guba ta malala domin ya ceci rayukan jama'a da dukiyoyinsu, ya fito da ƙafafunsa ana sa masa albarka, sa'an nan bayan wata shida, ko shekara biyar, ko goma, ƙirjinsa ya soma ƙugi, numfashinsa ya riƙa sarƙewa, ƙarfinsa ya ƙare, har ya kai ga ba ya iya ɗaukar bokitin ruwa balle mesar kashe gobara. Idan aka je duba shi, abin da ake faɗa sananne ne: sannu, Allah ya sa kaffara ce, Allah ya ba da lada, haka Allah ya ƙaddara. Dukan waɗannan kalmomi gaskiya ne, kuma babu mai imanin da zai yi jayayya da su. Abin tambaya shi ne, shin idan mun faɗe su mun sauke nauyin da ke wuyanmu ke nan, ko kuwa akwai sauran haƙƙi wanda addu'a ba ta biyansa, wanda za a tambayi mahukunta da talakawa a kansa ranar da ba a sayen bakin alƙali?

Mutanen Mubi ta Jihar Adamawa ba sa bukatar dogon bayani a kan su wane ne masu fara isa wurin masifa, domin sun gan su da idanunsu a shekarun da garin ya sha wuya. Sun ga waɗanda suka kwashi gawawwaki da masu rauni a Kabang ranar 1 ga Yuni 2014, lokacin da bam ya tashi a cikin masu kallon ƙwallo. Sun ga maharba da 'yan banga da suka taimaki sojoji aka karɓe garin daga hannun Boko Haram a watan Nuwamba na 2014, bayan an mamaye shi a ƙarshen Oktoba. Sun ga waɗanda suka kutsa cikin masallacin Madina na Unguwar Shuwa da asubahin 21 ga Nuwamba 2017 alhali ƙura da hayaƙi ba su ko lafa ba. Haka kuma ranar 1 ga Mayu 2018, da aka tayar da bam biyu, ɗaya a masallaci ɗaya kusa da kasuwa. Ba a gama zaman makokin wannan ba sai annobar amai da gudawa ta ɓarke a cikin watan nan na Mayu, aka buɗe wurin jinya a Babban Asibitin Mubi da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF, malaman asibiti da masu shara da masu feshi suka yi makonni suna kwana suna tashi cikin warin kulorin. 'Yan kwana-kwana, da 'yan agajin masallatai da na coci, da na Red Cross, da direbobin motocin asibiti, Fulani da Gude da Fali da Kamwe da Margi da Hausawa, babu wanda ya tsaya tambayar addinin wanda zai ɗauka ko yarensa kafin ya sunkuya.

Haɗarin aikin waɗannan bayin Allah iri biyu ne, akwai na zahiri akwai na ɓoye. Na zahiri kowa ya san shi: ƙuna, da karaya, da rufin da ke ruftowa a kan mutum. Na ɓoye kuwa shi ne wanda ke shiga ta hanci da fata ba tare da an ga jini ba. Duk wanda ya san rumfunan kasuwanninmu ya san abin da ke jibge a cikinsu: katifun soso an jera su har rufi, bokitai da kujerun roba, buhunan takin zamani, galan-galan na maganin ciyawa da na ƙwari, kwalaben fiya-fiya, ga jarkokin fetur na 'yan bumburutu a bakin hanya. Idan wuta ta kama irin wannan wuri da tsakar daren hunturu, hayaƙin da ke tashi ya sha bamban da na itacen girki, domin soso idan ya ƙone yana fitar da iskar sayanaid, waɗansu robobin suna fitar da iska mai cin huhu, ga kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, ga ƙurar tsohon silin na asbestas wadda kan kwanta a ƙirji shekaru masu yawa kafin ta nuna kanta. A cikin wannan ne za ka ga mutum ya jiƙa ƙyalle ya ɗaure a hanci ya shiga, ya fito yana tofar da baƙin majina, ya koma gida da rigar da ta sha hayaƙin ya rataye ta a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana. Haka kuma mai aikin ɗakin masu amai da gudawa, wanda ke buɗe gwangwanin garin kulorin ya dama shi kala uku, mai sauƙi na wanke hannu, matsakaici na goge ƙasa da gadaje, da mai ƙarfi na kashi 2 cikin ɗari domin bahaya da amai da gawa. Idan ɗakin ba iska kuma ba takunkumin kirki, idonsa da maƙogwaronsa ne ke biyan kuɗin tsaftar da ta ceci gari.

Kada wani ya ɗauka zato ne ko tsoratarwa. A shekarar 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta tara masana suka duba hujjoji, suka yanke cewa aikin kashe gobara yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta mafitsara da ta fatar da ta lulluɓe huhu. A Amurka, ma'aikatan kashe gobara 343 ne suka rasu a wurin gine-ginen da hari ya rushe a birnin Niyu Yok ranar 11 ga Satumba 2001, amma zuwa watan Satumba na 2023 adadin abokan aikinsu da suka mutu daga baya saboda cututtukan ƙurar wannan wuri ya kai na waɗanda suka mutu a ranar. Kuma duk da arzikin wannan ƙasa, sai a farkon 2011 aka sa hannu a dokar kula da su, wadda aka raɗa wa sunan wani ɗan sanda, James Zadroga, da ya rasu a 2006. A gida Nijeriya ma mun gani. A 1988 aka gano dubban ganguna na sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, leburorin da aka sa su kwashe su suka yi ta ƙonewa da amai, waɗansu aka kwantar da su a asibiti, kuma sai da aka yi shekara wajen ashirin kafin a ji an biya waɗansunsu diyya. A watan Yuli na 2015 tukunyar kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo a Jos, mutum takwas suka rasu, wajen ɗari suka jikkata. Ke nan cutar tabbatacciya ce, jinkirin biyan haƙƙinta ma tabbatacce ne, a ƙasar masu kuɗi da ta matalauta.

Shubuha ta farko da ke hana mu motsi ita ce fahimtar da muka yi wa ƙaddara. Lalle babu abin da ke samun bawa face da sanin Allah da nufinsa, wannan rukuni ne na imani. Amma malaman tauhidi ba su taɓa cewa imani da ƙaddara yana kore sababi ba, kuma fuƙaha'u ba su taɓa karɓar ƙaddara a matsayin uzurin da ke kayar da haƙƙin wani ba. Da haka ne, da babu babin diyya da na raunuka a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, littattafan da almajiran ƙasar Fombina, wato Adamawa, suka tashi da su a zaure tun zamanin Modibbo Adama, domin duk wanda aka kashe bisa kuskure ajalinsa ne ya zo, amma duk da haka shari'a ta wajabta a biya magadansa. Sayyidina Umar, da ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta sauka a can, ya juya da jama'arsa, kuma da aka yi masa magana ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ƙaddara abar dogaro ce ga wanda masifa ta sama, da ita yake samun haƙuri da natsuwa. Amma idan ta fito daga bakin wanda ake bi bashi, ya faɗe ta domin ya tsere wa biya, to an sa kalmar gaskiya a muhallin zalunci.

Shubuha ta biyu ta fi ta farko laushi, ita ce maganar lada. Ana cewa ai aikin Allah ya yi, kuma ya zo a cikin hadisi cewa wanda gobara ta ci, da wanda gini ya faɗa wa, da wanda annoba ta kashe suna cikin masu darajar shahada, to me zai sa a ɓata masa ikhlasi da maganar kuɗi? Amsa ita ce, lada tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, haƙƙi kuwa tsakaninsa ne da mutane, kuma ɗaya ba ya cinye ɗaya. Sayyidina Abubakar, wanda babu mai shakkar ikhlasinsa, da ya karɓi halifanci sai sahabbai suka yanka masa abin da zai ci da iyalinsa daga baitulmali, domin hidimar jama'a ta raba shi da kasuwa. Ma'aikacin zakka yana da kaso a cikinta ko da mawadaci ne. Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi: ceton wanda wuta ta tsare, da jinyar mai annoba, da wanke gawa, farillai ne na kifaya, waɗanda idan babu wanda ya tsaya da su dukan mutanen gari sun yi laifi, idan kuwa waɗansu suka tsaya an ɗauke wa saura. Wanda ya shiga hayaƙin nan, ashe ba dukiyar mai rumfa kaɗai ya tsamo ba, har da wuyan kowane baligi na garin ya fitar daga zunubi, da Sarki da malami da attajiri da mai tura baro. Tun da kowa ya ci amfanin shigarsa, ƙa'idar fiƙihu ta ce wanda ya kwashi riba shi ke ɗaukar asara, saboda haka ba daidai ba ne amfanin ya watsu a kan gari duka, asarar kuwa ta taru a ƙirjin mutum ɗaya da tukunyar matarsa.

Shubuha ta uku ita ce ta masu ilimi, kuma ta cancanci a ba ta haƙƙinta. Za su ce, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutum baligi mai hankali ya karɓi aiki ya san da haɗari a cikinsa, ana biyansa albashi, kuma a babin ijara asali shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci ba ya lamunce abin da ya same shi matuƙar bai yi ta'addi ko sakaci ba. Wannan magana haka take a littafi, sai dai sharuɗɗanta ne ba su cika ba a mas'alarmu. Da farko, yardar da mutum ya yi tana tsayawa ne a kan abin da ya sani: ya yarda da wuta domin yana ganinta, amma wa ya zaunar da shi ya gaya masa abin da hayaƙin soso ke yi wa jini, ko abin da ƙurar silin ke yi wa huhu bayan shekara ashirin? Na biyu, tura mutum cikin guba ba tare da tukunyar iskar numfashi ba, ba safar hannu, ba wurin wanka da wanke kaya bayan aiki, shi ne ainihin sakacin da fuƙaha'u suka ce yana wajabta lamuni, domin wanda ya zama sanadin ɓarna yana ɗaukar nauyinta ko da ba da hannunsa ya yi ta ba. Na uku, ko da an ɗauka babu laifin kowa, shari'a ba ta saba barin mutum ɗaya ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Shi ya sa ta ɗora diyyar kuskure a kan dangi su biya cikin shekara uku, Sayyidina Umar ya mayar da ita kan waɗanda sunansu ke cikin diwani ɗaya, wato daftarin masu karɓar albashi daga baitulmali, idan babu su kuma baitulmali ya ɗauka. An kuma ruwaito cewa ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya yi umarni a yanka masa abin masarufi daga baitulmali, yana ganin rashin adalci ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Idan wannan ne hukuncin wanda ya biya jiziya, ina ga wanda ya biya da numfashinsa?

Wurin da mas'alar ta fi wuya shi ne tabbatar da sababi, kuma a nan ne galibin masu neman haƙƙi ke faɗuwa. Za a ce masa, ina hujjarka cewa gobarar shekara kaza ce ta jawo maka wannan fuka, alhali kana shaƙar ƙurar hunturu kamar kowa, ana girki da itace a gidanka, wataƙila ma ka taɓa shan taba? Likita kansa ba zai iya rantsuwa a kan mutum ɗaya ba, iyakarsa ya ce irin wannan aiki yana ƙara yawan irin wannan cuta. To mazhabarmu ta Malikiyya tana da abin faɗa a nan wanda ya kamata mu yi alfahari da shi. Malamanta sun ce ba a yanke hukuncin rauni sai an jira an ga inda ya tsaya, domin rauni yana iya yaɗuwa bayan an ɗauka ya warke. Sun ce idan aka ji wa mutum rauni ya yi kwanaki yana ci yana sha sa'an nan ya mutu, ba a kore haƙƙin magadansa saboda an rasa yaƙini, sai a koma ga ƙasama, su yi rantsuwa hamsin cewa raunin ne ajalinsa. Sun kuma ɗora wa masu sana'a, kamar maɗinki da marini, lamunin kayan mutane da suka ɓace a hannunsu sai in sun kawo shaida, saboda maslahar jama'a, duk da cewa asali amintacce ba ya biya. Kuma a wurinsu wanda al'ada da galibin hali suka goyi bayan maganarsa ba shi ake ɗora wa kawo shaida ba. Ma'anar wannan duka ita ce, zato mai rinjaye hujja ne a inda yaƙini ya gagara. Idan mutum ya shiga aiki da ƙoshin lafiya, ya yi shekaru yana shaƙar abin da ilimi ya tabbatar yana jawo wata cuta, sa'an nan wannan cutar ta kama shi, to ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya ce ba aikin ba ne shi ya kamata ya kawo dalili. Jihohi da yawa a Amurka da Kanada sun bi wannan hanya a dokokinsu na 'yan kwana-kwana. Kuskure biyu ne ke yiwuwa a nan: a ba wanda cutarsa daga wani wuri ta zo, ko a hana wanda aikin ne ya nakasa shi. Na farko asarar kuɗi ce kaɗan da ta watsu a kan jama'a kuma ta faɗa hannun majinyaci, na biyu kuwa cin haƙƙin mai rauni ne, kuma mai hankali yana zaɓen mafi sauƙin cuta biyu.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata, na gwamnati da na 'yan kasuwa, su riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, domin a biya wanda ya ji rauni, ko ya nakasa, ko ya kamu da cutar da aikinsa ya jawo, a kuma biya iyalin wanda ya rasu, ba tare da sai an tabbatar da laifin wani ba. Wannan tsari ya yi kusa ƙwarai da hikimar diwanin Umar. Sai dai an sha jin hukumar tana kukan cewa jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su shiga ba, ma'aikata da dama kuma ba su ma san da dokar ba. Ga wa'adin da ta sa na kai rahoto cikin kwanaki da shigar da buƙata cikin shekara guda, wanda ya dace da karayar ƙafa amma yana iya zama tarko ga mai cutar da ke ɓuya shekaru, musamman idan babu wani daftari da ya nuna ranar da ya shiga hayaƙin da abin da ya ƙone a wurin. Babban giɓi kuma shi ne, dokar ta ma'aikata ce masu albashi, alhali a gari irin Mubi mafi yawan waɗanda ke fara isa wurin masifa 'yan sa-kai ne: ɗan agaji, da ɗan banga, da mai Keke Napep da ya mayar da kekensa motar asibiti, da matashin unguwa da ya zo da bokiti.

Abin da ya wajaba, a ganina, a fili yake. Wajibi ne Gwamnatin Jihar Adamawa da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu su tabbatar sunan kowane ɗan kwana-kwana da ma'aikacin lafiya da mai feshi yana cikin wannan asusu, kuma ana zuba kason a kan kari. Wajibi ne a buɗe daftari a kowace tashar kashe gobara da kowane asibiti, a rubuta wanda ya fita aiki, da ranar, da irin kayan da suka ƙone ko sinadarin da ya taɓa, a kuma auna ƙirjinsa ranar da ya kama aiki da kowace shekara bayan nan, domin wannan rubutu shi ne shaidar da za ta tsaya masa ranar da bakinsa ba zai isa ba. Wajibi ne 'yan majalisar jiha su yi doka da za ta ɗauki cututtukan da aka sani a matsayin na aiki sai in an tabbatar da akasi. Game da 'yan sa-kai kuwa, ƙofar zakka a buɗe take ga wanda cuta ta talauta ko bashin magani ya danne, ƙofar waƙafi ma a buɗe take, kuma babu abin da zai hana Majalisar Masarautar Mubi ta haɗa shugabannin 'yan kasuwa, da na kasuwar shanu, da limamai, da shugabannin coci, a kafa asusu mai amintattu da lissafi a bayyane, kowace rumfa ta riƙa ba da abin da ya sauƙaƙa. A kuma ba da shi da sunan haƙƙi, a kai wa mutum har gida da mutuncinsa, kada a bar shi yana yawo ofis-ofis da takardar asibiti a hannu kamar mai roƙo.

Ina kira ga malamanmu, waɗanda Allah ya ba su mumbari da kunnen jama'a, su ɗauki wannan mas'ala su karantar da ita kamar yadda suke karantar da hukuncin bashi da na gado, domin daga cikinsu take. Kai kuma mai karatu, idan akwai irin wannan mutum a unguwarku, ka je ka duba shi ka yi masa addu'a, sa'an nan ka tambayi wanda ke sayen maganinsa da wanda ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, ka kai maganarsa inda za a ji. Ladansa yana wurin Allah, wanda ba ya tozarta aikin mai kyautatawa. Haƙƙinsa kuwa yana wurinmu, kuma za a tambaye mu. Allah ya ba mu ikon sauke shi tun muna da hali.